Salatif a Kan Kayan Gaisuwa

Othniel nawa, sanyin idona, inuwar da nake gudu wurinta idan ranar Jimeta ta take tsaka,

Ƙanwarka Jemimah na gama ba ni labari na zauna rubuta maka wannan wasiƙa. Ashe guntayen salatif ɗin da na jera cikin akwatin roba, na ba ka ajiya a shagonka saboda ɗakinmu na makaranta yana yoyo, su ka kwasa da naka ya ƙare, ka liƙe takardun naɗe kayan gaisuwar da aka kai gidanmu a Bekaji? Haba masoyina! Baƙin ƙyallin da ka gani a jikinsu ba datti ba ne. Dutsen bincikena ne, wanda malamina ya sha wahala kafin ya samo.

Ka manta yammacin da muka tsaya kan gadar Binuwai? Na ce maka da salatif ake ɓare dutsen nan falle-falle har ya fi bawon albasa siranta. Na ce idan aka sanyaya shi ƙwarai, ƙwayoyin lantarkin cikinsa sukan daina yawo su jeru, nan a cunkushe, can sako-sako, kamar igiyar ruwan da ke wucewa ƙarƙashinmu. Kana ta kallon bakina kana murmushi. Na ɗauka ka fahimta, ashe so ne kawai ya cika maka kunne.

Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne abin da Jemimah ta ƙara: wai gobe za ka je ka roƙi Baba ya dawo maka da kayan, don ka ɓamɓare mini dutsena kafin gwaggonnina su yayyaga takardun. Kanka ɗaya kuwa? Wa ya taɓa karɓar kayan gaisuwa ya koma da su, in ba wanda ya fasa ba? Baba ba zai tsaya jin zancen lantarki ba. Zai miƙo maka kayanka, ya rufe ƙofa, kuma na san Baba.

Na roƙe ka, ruwan sanyina, kada ka je. Bari su yaga. Na yi kukana, zan ƙara wani gaban malamina, ko da zai ja mini ƙarin shekara a makaranta. Dutse dai ana sake samowa a sake ɓarewa. Kai fa, ina zan je in samo wani?

Taka, yau da gobe, har numfashina na ƙarshe,
Keturah