Na Sake Buɗe Tanda

Zuwa ga Merle tawa, hasken idona, ruwan farko a kan rufin kwano bayan shekarar fari, inuwar itacen turare a tsakar ranar girbin alkama, zumar da na yi shekara hamsin da huɗu ina lasa ban ƙoshi ba! Merle, sarauniyar madafa, mai faɗa da dariya a baki ɗaya!

Na san 'yarmu Narelle ce za ta karanta miki wannan takarda. Narelle, ki karanta yadda na rubuta, ban da gyara, ban da kuka.

Ni ne Lindsay, mijinki. Dole na fara da haka, domin Lahadi uku ke nan ina tuƙo mota daga gona zuwa gidan kula da tsofaffin da kike, in zauna a gabanki da hulata a gwiwa, ki dube ni da ladabin da ake yi wa baƙo. Ran nan har kika dafa hannuna kika ce, "Bawan Allah, in ka haɗu da Lindsay a hanya, ka ce masa shayinsa na hucewa." Na ce to. Me zan ce? Na fito na zauna a mota na kasa murɗa mabuɗi. Ina kika ajiye ni, masoyiyata? A wane lungu na zuciyarki aka kulle ni, har nake ƙwanƙwasawa ba ki ji?

An ce sai mutum ya mutu fatalwarsa ke yawo. Ƙarya ne. Ga ki da ranki cikin gari, amma kullum la'asar ina jin takunki a kan katakon baranda, ina jin ƙarar ƙofar raga, ina jin an ja kujerarki. Rigar girkinki na nan a jikin ƙusa, in iska ta shigo sai ta cika kamar da mutum a ciki. Karenmu Tuppence yakan ɗaga kai ya kaɗa wa murhu wutsiya, alhali ba kowa a wurin. Ba na tsoro, wallahi. Abin da nake tsoro shi ne ranar da zan daina ji.

Kin tuna ranar da na fara shiga madafarku a garin Minyip? Ina ɗan shekara ashirin da biyu, na zo askin tumaki gonar mahaifinki, aka aike ni ɗauko shayin safe. Ba kowa a ciki sai ƙamshin bota da ƙwai. Tandar murhun itace ba ta da gilashi, ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri ba, sai na buɗe na leƙa. Na ga 'yan kumburanki, kek ɗin nan da ke tashi su bar rami a ciki, reras a kan tire, sun tashi sun yi ja-ja, sai kuma a kan idona suka yi laƙwas ɗaya bayan ɗaya. Kafin in juya tsumman goge kwano ya sauka a ƙeyata. Kika ce, "Kai, wane irin mutum ne kai? A garinku haka ake leƙa tandar mutane? Ƙwai goma sha biyu, mai askin tumaki! Sai ka cinye su tas, ina tsaye!" Na cinye. Ashirin da huɗu ne, masu danƙo kamar takalmin roba, kuma ban taɓa cin abin da ya kai su daɗi ba. Kina ta harara, leɓenki na rawa don ɓoye dariya. Tun ranar na san ba ni da sauran wurin zuwa.

Hali zanen dutse. Sau nawa na maimaita bayan aurenmu? Ranar baje kolin gari, ranar baftismar Narelle, ranar da limamin coci ya zo shan shayi. Ko kina can wajen shanya sai in jiyo ki: "Lindsay! Ka buɗe, ko?"

Tun farkon sanyin Yuli nake ƙoƙarin gasa miki su, ko ɗanɗanonsu zai tuna miki da ni. Na samo katinki na girki a cikin gwangwanin biskit, da rubutunki mai karkata. A tafasa ruwa da bota, a juye fulawa gaba ɗaya, a tuƙa har ta saki tukunya ta dunƙule. In ta sha iska a fasa ƙwai ɗaya-ɗaya. Kin rubuta, "Ƙwai huɗu, na biyar sai in ƙullun ya roƙa." Ni da na yi rayuwata da tumaki, ina zan san roƙon ƙullu? A can ƙasa kuma kin ja layi biyu: "Kada a bar Lindsay kusa da tanda." Na riƙe katin na yi dariya har dariyar ta koma wani abu. Sau tara na gwada, sau tara hannuna na kai wa ƙofar nan kafin lokaci.

Da na gaji, sai na roƙi maƙwabciyarmu Beryl ta yi miki. Su ne na kawo Lahadin da ta wuce, cike da kirim ɗin madara, an barbaɗa musu garin sukari. Kika ci ɗaya, kika goge baki, kika ce, "Madalla, bawan Allah, ka iya. Mijina ba zai taɓa iyawa ba, ba shi da haƙuri ko na sisi." Kika juya kina kallon taga, kina jiransa.

Yau da safe na ce sai na iya. Ƙullun ya yi sheƙi, ya zubo daga cokali a hankali yadda naki ke yi. Na sa a tanda, na ɗauki agogo na fita baranda, na zauna a kan hannuwana minti ashirin da biyar. Merle, sun tashi! Sun kumbura, sun yi launin alkama ranar yanka, ba nauyi kamar a hura su tashi sama. Na huda su tururi ya fita, na jera su a farantinki mai bakin shuɗi. Sai na tsaya ina kallonsu, jikina ya yi sanyi. Na ɓara ɗaya: waje kyakkyawa, ciki fayau, kamar gidan nan tun da kika bar shi. Kuma a karo na farko madafar ta yi tsit. Ba taku, ba ƙarar ƙofa, ko karen bai ɗaga kai ba. Na gane cewa waɗannan na baƙo ne. In na kawo miki su za ki sake gode mini, ni kuwa godiyarki ce ke kashe ni.

Na tura wa Beryl su duka. Na sake tafasa ruwa, na sake fasa ƙwai, har na biyar. Da minti goma ya cika na durƙusa a gaban murhu na buɗe ƙofar a wangame. Suka yi laƙwas ɗaya bayan ɗaya, ina kallo. Kuma na rantse miki, farin cikin raina, ƙeyata ta yi zafi daidai wurin nan.

Su zan kawo miki jibi, goma sha biyu, a lotse, masu danƙo, ba kirim ba sukari. Zan ajiye farantin a cinyarki, in sa tsumman goge kwano kusa da hannunki na dama, in sunkuyar da kai. Ba na roƙon ki tuna ranar aurenmu, ko sunan gonar, ko shekarun da muka yi. Abu ɗaya nake bara, ya ke sanyin idona: ki dubi farantin, ki dube ni, ki ɗaure fuska. Ki yi mini faɗa, Merle. Ki kira sunana ko da sau ɗaya ne, ki ce na buɗe.

In ba ki ce ba, akwai wata Lahadin, kaji kuma suna ta yin ƙwai.

Naki har ranar da ƙasa za ta rufe idona,
mijinki marar haƙuri, wanda ke jira,
Lindsay