Na Je Yin Ban Kwana, Sai Na Ci Kofi

Anti Sun-deok,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san za ki ce wadda hotonta ya cika jaridu a satin nan me kuma ya dame ta, to ki daure ki karanta har ƙarshe. Ba zan sa sunana ba, ko da yake duk mai bin wasan golf zai gane ni.

Shekarata talatin da uku. Tun ina 'yar ashirin nake buga gasar ƙwararrun mata a nan Koriya, kuma ban taɓa cin kofi ba. Na zo ta biyu, na zo ta biyar, na sha faɗuwa tun da wuri in tattara sandunana in koma gida ana tsakiyar gasa. Yaran da na koya wa yadda ake gaida manya a fili sun wuce ni, wasunsu suna Amurka. Kusan duk Nuwamba sai na koma gasar neman gurbin buga wasannin shekara mai zuwa a bakin teku, iska tana yanka kunne, ina takara da 'yan sakandare. Ummata har daina dafa miyar ganyen teku ta yi a gidanmu, wai santsinta ne yake kayar da ni. Ko ranar haihuwata, da aka saba shan ta a al'adarmu, ba na samu.

A tsakiyar shekarar nan na ce ya isa haka. Malamata Ok Hye-ran, wadda ta fara ɗora min sanda a hannu ina firamare, tana da makarantar koyar da yara golf a garinmu, Suncheon. Ƙugunta ya lalace, za a yi mata aiki a watan Janairu, kuma likita ya ce ta gama tsayuwar yini a fili. Ta kira ni gidanta, ta zuba min shayi da hannunta, ta ce, “'Yata, ba ni da wanda zan bar wa yaran nan sai ke.” Na sunkuyar da kai na ce na karɓa. Ta sanar da iyayen yara, har an rubuta sunana a allon ƙofa.

Sai na tafi gasar ƙarshe ta shekara don kawai in yi sallama da mutane. Anti, ban san abin da ya shige ni ba. Tunda babu abin da zan rasa, duk inda na kalla nan ƙwallon yake zuwa. Ranar Lahadi na tsinci kaina a rukunin ƙarshe tare da Tak Bo-reum, yarinyar nan 'yar sha tara da take dukan ƙwallo kamar ya zagi babanta. Muna hawan tudu ta ce min, “Yaya, in gwiwa ta gaji ki faɗa in goya ki.” Na ce, “Ke, bari a gama yaye ki tukuna.” Muka yi dariya.

Muka gama ramuka sha takwas na wasan kunnen doki, aka mayar da mu ramin ƙarshe don raba gardama. Bugun Bo-reum na biyu ya faɗa cikin yashi. Nawa ya sauka a lafiyayyen wuri, sai dai da nisa, ga gangara. Na ja numfashi na tura ƙwallon a hankali. Ya yi ta mirginawa kamar ba zai kai ba, ya karkata hagu, ya yi jim a bakin ramin, ya faɗa. Ihun da aka yi har yanzu yana kunnena. 'Yan wasa suka rugo suna kwara min ruwa cikin sanyin nan, Bo-reum ce ma ta fara rungume ni tana cewa, “Yaya, kin cuce ni, amma na yafe!” Umma ta tsallake igiya, masu tsaro na bin ta, tana kuka tana faɗin yau sai ta dafa miyar nan tukunya guda.

To ga inda matsalar take. Wannan kofin ya ba ni gurbin shekara biyu ba sai na koma waccan gasar azaba ba. An gayyace ni wata babbar gasa a ƙasar waje, wani kamfani kuma yana so in sa sunansa a hulata. Abin da na yi ta nema tun ƙuruciya ya zo bayan na riga na ba da kalmata.

Malama ta buga min waya washegari. Cewa ta yi, “Na gani. Kin yi saurin ɗaga kai a rami na sha shida. Yaushe za ki zo?” Na yi ta in-ina har ta ajiye. Umma kuwa cewa take, “Matar nan ta tsaya miki lokacin da ni da na haife ki na fid da rai, kada ki ba ni kunya.” Gaskiya ta faɗa. Amma Anti, ina son in ci gaba da bugawa, ina so har raina. Shin butulci ne? Me zan ce wa Malama?

Wadda Ta Makara, 'yar Suncheon

*

Ya ke Wadda Ta Makara,

Kafin komai, barka! Na ga kin hanzarta wuce nasarar kin tafi ga damuwa, to ni ba zan bari ba. Mace ta yi shekaru tana tashi daga faɗuwa, sannan ta kayar da yarinya mai jini a jika a gaban duk ƙasa, wannan abin a yi biki ne. Ki zauna ki ji daɗinsa, ba bashi kika ɗauko ba.

Yanzu ga maganar. Ummanki ba ta yi kuskure ba. Alkawarin da kika yi ba na fatar baki ba ne, an gina abubuwa a kansa: ranar aikin Malama, hankalin iyaye, da yaran da suke jiran ki. Kuma ki san cewa kin ci kofin nan ne saboda tsoro ya sake ki. Ranar da kika dawo da abin da za ki iya rasawa, tsoron yana iya dawowa. Kada ki yi lissafin cewa kowace Lahadi haka za ta kasance.

Amma son da kike yi wa wasanki ba butulci ba ne. Lokacin da kika karɓi makarantar, kin ɗauka ƙofar nan ta rufe. Ta buɗe, kuma ba za ta jira ki ba. Koyarwa za ki iya yi kina da shekara arba'in ko hamsin, gasa kuwa jiki ne yake ba da izini. Malamar da ta tsaya gaban yara ranta yana wani fili, yara ne suke fara ganewa.

Kuskurenki ɗaya: kin yanke wa Malama hukuncin abin da take nufi ba tare da kin tambaye ta ba. Matar da ta kalli wasanki har ta lura da inda kika ɗaga kai, ba na zaton tana ɗokin ganin kin rataye sanduna. Ko da hakan take so, haƙƙinta ne ta ji daga bakinki.

Ki shiga jirgin ƙasa a satin nan, kafin ki sa hannu a takardar kowane kamfani, kafin ɗan jarida ya riga ki kai mata labari. Ki je da Umma, ki faɗi abin da ke ranki ba kwana-kwana. Kada ki je hannu wofi, ki je da tsari. Lokacin sanyi babu gasa, don haka ki riƙe makarantar gaba ɗaya daga yanzu har Malama ta yi aikinta ta miƙe. Ki nemo wata cikin tsofaffin abokan wasanki da za ta tsaya wa yaran idan kin tafi, ku zaɓe ta tare. Iyayen yara kuma ke za ki tsaya gabansu ki yi bayani, kada ki bar wa mara lafiya wannan nauyin. Sannan ki yanka wa kanki wa'adi: idan gurbin nan ya ƙare, kin dawo gida.

Idan duk da haka ta ce a'a, tana buƙatarki yanzu, to ki sake rubuto min, domin wannan wata magana ce mai nauyi. Amma ra'ayina shi ne ki buga. Yaran Suncheon za su ƙaru da malamar da suke kallo a talabijin ranar Lahadi, ta zo ta gyara musu tsayuwa ranar Talata.

Ina yi wa Malama Ok fatan samun lafiya, ke kuma ina miki fatan kofi na biyu. Idan ya zo, kada ki rubuto min kina neman afuwa.

Taki,
Anti Sun-deok