Na San Inda Ƙanwar Tsohon Nan Take, Amma Na Kasa Faɗa Masa

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ni ma'aikacin jin daɗin jama'a ne a Daura. Difloma kawai na yi a kwaleji, amma tun a can aka san ni da tsari. A ofishina fayil ba ya tsallake fayil. Wanda ya fara zuwa shi zan fara dubawa, ko ɗan wane ne. Da wannan nake alfahari, kuma shi ne ya kai ni inda nake yau.

Wata Litinin wani tsoho ya zo daga wani ƙauye kusa da Kongolam. Ƙanwarsa mai taɓin hankali ta fita ba ta dawo ba. Ya miƙo mini hotonta a cikin leda, ya ce, "Malam, dube ta mana, ko ka taɓa ganinta." Na ce, "Baba, a nan bi da bi ake yi. Akwai mutum goma sha uku a gabanka." Ban ko buɗe ledar ba. Na saka ta a fayil, na rubuta lamba, na ajiye a ƙasan sauran.

Ranar Laraba wata da muka yi kwaleji tare, wadda ke aiki a sashen marasa galihu na wani asibiti, ta sa hoto a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai: an tsinci wata mata kusa da rijiyar Kusugu, ba ta da lafiya, ba ta faɗin sunanta. Na gani da idona. Na rubuta, "Allah Ya bayyana danginta," na ci gaba da aikina. Hoton da yayanta ya kawo yana kan teburina, ina yi mata addu'a! Sai bayan kwana goma sha ɗaya layin Baba ya zo. Na buɗe ledar, sai ga matar da aka tsinta. Ita ce, har da tabon ƙuna a haɓarta. Na kira abokiyar karatuna, ta ce, "Wayyo, ai ta rasu kwana huɗu da suka wuce, ma'aikatanmu suka yi mata sutura. Kullum sai ta ce a kira mata Yaya. Ka samo su ne?" Na ce, "A'a, tambaya kawai nake." Wannan ce ƙaryata ta farko.

Ta biyu na yi wa Baba. Ya shigo ya durƙusa, mutumin da a haife ya haife ni, na ce masa, "Muna kan bincike." Yau wata bakwai ke nan ina maimaita wannan magana. Duk ranar kasuwa sai ya zo da ƙullin gyaɗa, ya ce, "Ga ta yara, Malam, kai kaɗai ne ba ka gaji da ni ba." Ya je Katsina, ya je Kano, ya ƙetara iyaka a bayan babur da ciwon gwiwarsa. Ya hana a taɓa ɗakinta. Bai yi mata addu'ar mamaci ba ko sau ɗaya, domin a wurinsa tana raye. Wane irin mutum ne ke karɓar gyaɗar nan? Minti nawa buɗe leda zai ci mini?

Na san inda kabarinta yake, na je sau biyu ni kaɗai. Makon jiya Baba ya ce bayan girbi zai tafi Legas, wani direba ya ce ya ga mai kama da ita a ƙarƙashin gada. Idan na faɗa masa ta rasu, zai tambayi yaushe, kuma yana riƙe da ranar da ya fara zuwa wurina. Idan na yi shiru, tsohon nan zai hau mota ya tafi neman wadda ke kwance a Daura.

Jama'a, kasuwa jibi ce, kuma zai zo. Me zan yi?