Shagon Baba a Ginin Zahir

Zuwa ga ƙanwata Sakinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Gusau. Allah ya sauwaƙe miki ciwon ƙafar nan. Mu nan Makka sai godiya. 'Yata Basma ce ke rubuta mini, kin san ni da alƙalami.

Kin ce in kin zo Umara bana in kai ki shagon tsiren Baba. To, ga abin da ake ciki. Tsohon ginin nan na jan bulo da ke unguwar Zahir ba a rushe shi ba, gyara shi aka yi. An kankare farar ƙasar da aka shafe shi da ita, bulon ya fito ja wur. Tagogin katakon nan na sama, roshan, an sake musu fenti. An fasa bangayen da suka raba shaguna, ƙasa ta zama zaure guda inda ake shan gahawa, sama kuma mata na sayar da turare da ɗinki. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Muhandisin aikin, wato injiniyan, wani Nawaf, ya aiko a kira ni, don an gaya masa ni kaɗai na rage cikin mutanen wurin. Ya ce za su kafa sunan kowane mai shago a ƙofarsa, in nuna masa ta Baba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Kin tuna bulon gefen ƙofa da Baba ke wasa wuƙa a kai, wanda ya loɓa har yatsa ke shigewa? Da shi nake gane shagonmu tun ina yaro. Na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ina shafawa, duk sumul. Na koma na sake bi.

Ashe haka maginan ke aiki: duk bulon da ya ci, sai su zare shi, su juya cinyayyar fuskar ciki, mai kyan ta dubi titi. Ba su yar da ko ɗaya ba, in ji shi, yana murna. Baƙin hayaƙin tukubar ma an wanke. Na tsaya ina kallon bangon, ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Gahawar da suka ba ni ma na shanye.

Nawaf ya ce in zaɓi ƙofar da ta fi kwanta mini a rai, ba wanda zai sani. Basma ma ta yi ta lallashina a hanya, wai ya Abuya, haka take kirana, ƙofa ai ƙofa ce. Na ce a'a. Shagon da ke jikin namu na Abdulhafiz ne mai gawayi, ba zan ɗora sunan Baba a ƙofar wani ba, ba kuma zan ba da shaida a kan abin da idona bai gane ba. Jiya an kafa sunaye, babu na Baba.

Saboda haka in kin zo zan kai ki, mu zauna a ciki. Amma kada ki tambaye ni wace ƙofa ce, don ban sani ba.

Ki gai da Malam Nuru, da Rumasa'u da Hudaifa. Basma na gaida gwaggonta.

Yayanki,
Isa