Furannin Tsohon Garken Baba

Leliefontein, 28 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Barend,

Gaisuwa mai yawa, tare da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Magrieta da yara. Yaya aikin jirgin kamun kifi a Walvis Bay? Allah ya tsare ku a kan ruwa. Mu nan sai godiya. Awaki sun haihu sosai bana, Anti Sanna kuwa tana nan da ciwon gwiwarta da bakinta, babu wanda ya yi sauƙi a cikinsu. Maganar Baba ce ta zaunar da ni rubutu, don idan na kira ka a waya kuka ba zai bar ni in kai ƙarshenta ba.

Ka san likitan Springbok ya ce hawan jinin ido ya ci ƙarfin idanun Baba, ɗan ganin da ya rage ba lallai ya kai baɗi ba. Yanzu abin da ke dab da shi kaɗai yake gani. To bana ruwan lokacin sanyi ya yi albarka, tun ƙarshen Agusta yake roƙona in kai shi tsohon garkensa na kan dutse, inda ya yi kiwo shekara arba'in, ya ga furanni. Na ce ga su nan birjik a bakin hanya, ya ce wai waɗannan na baƙi ne masu kyamara, nasa suna sama. Ni kuwa ina masaukin baƙi ina ta gyara wa masu kyamarar gado, na ce ya dakata, ai na kan dutse su ne ƙarshen buɗewa. Sai tsakiyar Satumba na samu hutun kwana huɗu, lokacin na ƙasa duk sun bushe.

Muka ɗaura wa jakuna amalanke, muka loda tabarmin bukka da sandunanta, da barguna da gari da kofi. Anti Sanna ta ce sai ta bi mu, wai idan aka bar ni ni kaɗai zan kafa bukkar ƙofarta tana kallon sama. Rana tana dukanmu har rabin hanya, muna isa gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen. Filin garken cike yake da furanni, Yaya, babu wurin sa ƙafa, amma ka san halinsu, idan ba rana ba sa buɗewa, duk sun tsuke. Baba ya durƙusa yana shafa su, ya ce rabonsa da jin yawansu haka tun shekarar da aka haife ka.

Kwana uku muka yi babu rana. Yayyafi, iska, rana ta biyu har da ƙanƙara. Tabarmin sun jiƙe sun kumbura, ko ɗigo bai shigo mana ba. Anti ta gasa burodi a toka, Baba yana ci yana tsokanarta wai tun suna yara ba ta iya kakkaɓe tokar ba, ita kuma tana cewa tunda ba ya gani ya ci ya yi shiru. Na daɗe ban ji dariyarsa haka ba. Amma tari ya kama shi, ni kuma tsoro ya kama ni.

Da safiyar rana ta huɗu ya fita ya tsaya, ya juya kuncinsa ga iska, ya ce ta sauya, kafin tsakar rana gari zai washe, mu ba shi rabin yini kawai. Na hau kan fa na duba hasashen yanayi a waya, ta nuna ruwa. Nan na ɗaga masa murya a gaban ƙanwarsa, na ce ba zan kai gawa gida saboda fure ba. Anti ta ce in ji kunya, mutumin da ya tsufa yana karanta iskar dutsen nan zan ƙaryata saboda abin da na saya shekaranjiya? Ban saurare ta ba, ka san ni idan na kafe. Baba da hannunsa ya fara kwance igiyoyin tabarmin.

Muna kaiwa gindin dutse gari ya washe tas. Anti ta waiwaya ta riƙe baki, dutsen ya yi ja da ruwan ɗorawa tun daga garken har ƙoli. Baba ya ce a tsayar da jakuna. Ya sauka, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallo, ya ce lallai sun yi kyau bana. Yaya, ba dutsen yake kallo ba. Ya ba shi gefe, yana fuskantar tudun nan na yamma da babu komai a kansa sai duwatsu. Ni da Anti babu wadda ta iya gyara masa tsayuwa.

Komawa sama a ranar ba zai yiwu ba, kafin jakuna su kai mu furannin sun sake rufewa, washegari kuma aiki. Na yi masa alkawarin Asabar. Ranar Alhamis iskar gabas mai zafi ta taso, kwana biyu ta ƙone su ƙurmus. Ranar Lahadi bayan coci na ji yana gaya wa mutane wai 'yarsa ta kai shi ya ga furanninsa. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Na nemi gafara, ya ce gafarar me, ai tarinsa nake ji wa tsoro.

Tarin ya warke cikin kwana uku. Idon ne ke tafiya da sauri fiye da yadda likita ya faɗa. Jiya da hantsi na shiga ɗakinsa na tsaya a gabansa, ya tambaya wane ne, sai da na yi magana. Na san ka shirya zuwa Kirsimeti, amma ina roƙonka ka nemi izini a wajen aiki ka zo cikin watan gobe, ko da kai kaɗai ne.

Ka gaishe mini da Magrieta, da Lukas da ƙaramar Elsabe. Anti Sanna tana gaishe ku. Baba ma yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko ka fara furfura, wai yana so ya gani da kansa.

Ƙanwarka,
Hendrina