Giɓin da ka bari a darni

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna, Allah Ya haskaka makwancinka.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da addu'a wadda ba ta yankewa, ina sanar da kai cewa damina ta ɗauke a garinmu na gefen kogi. An yanke dawa, kara yana zube a gonaki. Lokacin ɗaurin darni ya yi ke nan, Baba, kuma bana hannuna ya kasa riƙe lauje.

Ka san aikin da nake nufi. Da zarar ruwa ya ɗauke sai ka sa mu nome ciyawar tsakar gida saboda maciji, mu tuge dirkokin da gara ta ci, mu ɗauko sabon kara mu kewaye gida kafin sanyi ya sauka. Duk shekara haka. Maƙwabta suka yi katangar ƙasa, wasu ta jan bulo, kai kuwa ka ƙi. Ka ce, “Matahiyi ba shi gina katanga.” Kakana ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a nan gabas, cikin masu jin Larabci, ya tsaya nema. Kai ka gaji niyyar. Ko da furfura ta cika maka kai, in baƙo ya tambaye ka garinku, sai ka ce kan hanya kake.

Shi ya sa kake barin giɓi a kusurwar da ke saitin alƙibla, faɗin da mutum da jakinsa za su wuce. Ta nan za mu fita ranar da tafiya ta tashi. Ta nan kuma iskar sanyi take shigowa, kai tsaye zuwa ƙofar ɗaki. Inna ta sha yin mita, awakin mutane sun sha cinye mata shanya. Ba ka taɓa ɗaga murya ba. Sai dai ka ce wanda ya mutu yana kan hanya, da ladan alhaji zai tashi, kada a rufe wa mutum ladansa da kara.

Ina tuna shekarun da ƙarfinka ya ƙare. Ina koyarwa a birnin Sinnar a lokacin, nakan zo hutu in yi maka aikin. Ka sa a fito maka da angarib, gadonka na igiya, ƙarƙashin dalbejiya, kana nuni da sanda. Wannan tanka ta yi sako-sako, waccan dirka ta karkace. In na iso kusurwar nan sai ka zuba wa hannuna ido. Ni kuma in yanke igiya in bar wurin a buɗe. Sai in ji ka sauke numfashi.

Bayan rasuwarka ban fasa ba. Na binne Inna, na binne Hajara matata, darni yana tashi duk kaka da giɓinsa. Hajjin bai yiwu ba, ni ma.

Yanzu ni ne a kan angarib ɗin. Tun tashin hankalin da ya watsa mutane, rabin unguwa ba su dawo ba, babu wanda za a kira gayya. Usman, autana, wanda aka haifa bayan ka tafi, shi ke zuwa daga Sinnar ran Juma'a. Ya nome ciyawa, ya tara mini itace, ya liƙe tsagar ɗaki. Hausarsa ta cakuɗe da Larabci, da ka ji shi da ka yi dariya. Sanyin bara ya kwantar da ni, tari ya kusa tafiya da ni, shi ya yi jinya. Bana da ya gama share gida ya tsaya a giɓin nan, iska tana kaɗa masa riga, ya ce, “Halas, ya isa haka, Baba, wannan giɓin zai kashe ka.” Yana so ya kewaye gidan da bulo, ko'ina a rufe. Na yi masa bayanin kakansa. Ya saurara da ladabi. Da na gama sai na ga idonsa ya cika da ƙwalla, ya juya yana tattara igiya.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne ina ganin ka. Da la'asar sakaliya, in rana ta karkata, sai in hango ka tsaye a wurin, sanda a hannu, gafaka a kafaɗa, fuskarka tana waje. Ba ka shigowa, ba ka wucewa. Na san idona ya raunana, na san inuwar dirka ce. Amma nakan yi maka sannu, kuma kara yakan yi motsi kamar gyaran muryarka. Tsorona shi ne in aka ɗora bulo a wurin, na shaida wa duniya cewa zama muka yi, kai da kakana duka, ba a hanya kuka cika ba.

Na kai maganar wurin liman. Ya ce niyya a zuciya take. Na san haka tun ina makaranta, Baba. Sanin bai hana ƙirjina nauyi ba.

Duk da haka na amince. Kai kana da ni, da ƙarfina, da 'yan gayya cike da unguwa. Usman shi kaɗai ne, kuma duk daren da iska ta taso ba ya barci a can, yana jiran a buga masa waya. Ba zan bar shi ya wayi gari yana cewa da ya matsa mini da ina raye ba. Magini zai zo ranar Asabar.

Ka yafe mini. In tafiya ce kake jira mu yi tare, ka ƙara haƙuri kaɗan, ba ni da kaya masu yawa. Kafin nan, in ka zo ka tarar da bango, kada ka tsaya a waje cikin sanyi. Ka zagayo ta ƙofar gida, ka yi sallama, ka shigo ka zauna. Ka daɗe a tsaye.

Allah Ya jiƙan ka, Ya jiƙan Inna, Ya rubuta ku cikin waɗanda suka isa. Ya sa in nawa lokacin ya zo a same ni da niyyata.

Ɗanka,
Abubakar