Ƙwayar Nayasin da Faɗuwata a Gaban Darakta

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Walwalar Ma'aikata na ofishinmu, Abuja.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali, ni ne Sabi'u na sashen kasafi, wanda ya faɗi a ɗakin taro. Na san yanzu da wannan aka fi sanina, shi ya sa na fara da shi. Na zaɓi in rubuto a fili ne domin abin da ya same ni ma a fili ya faru.

Na ɗaya. A makon lafiyar ma'aikata, kwamitinka ya gayyato wata mata mai farar riga ta baje kwalabe a harabar ofis. Ta sayar mini da nayasin mai ƙarfi, ta ce bitamin ne kawai, yana wanke kitsen jini. Na gaya mata ina shan maganin hawan jini, da na suga, da na rage kitse. Ta yi murmushi ta ce bitamin ba ya faɗa da kowa. Ganin kai ka kawo ta, kuma kana tsaye kusa da ita kana gyaɗa kai, ban ƙara tambaya ba.

Na biyu. Na fara sha, sai sugana ya riƙa hawa. Maiɗakina, wadda ita ke gwada ni kowace safiya, ta yanke hukuncin cewa ina shan lemo a ɓoye. Ta binciki motata, ta kira direban bas ɗin Lugbe da nake bi idan babu mai, har mai shagon bakin layinmu ta ja wa kunne. Ta kuma janye mini 'yar zumar da ta rage a rayuwata. Ga cinyoyina suna ciwo kamar na yini ina noma, ni da aikina zama.

Na uku, kuma shi ne babba. Ranar da zan gabatar da kasafin sashenmu gaban Darakta, na haɗiye ƙwayar da shayi mai zafi, na ƙara da ta hawan jini. Muna zaune sai na ji fuskata ta kama da wuta. Ni da nake baƙi, sai da kunnuwana suka yi ja. Ƙaiƙayi ya taso daga wuya ya gangara baya. Na daure, na goga bayana a jikin kujera a hankali, daga baya na koma susa da biro. Da aka kira sunana na miƙe da sauri, ɗakin ya juya, na tafi ƙasa tare da mayafin tebur da ruwan Darakta.

Da na farfaɗo, Madam Rifkatu tana addu'a a kaina ta dama, Malam Hadi yana tofi ta hagu, wani kuma ya cire mini takalma, har yau ban san dalili ba.

Na huɗu. Kafin a kai ni asibiti labari ya zaga cewa jifa ne. Aka ɗora wa Mista Danjuma, abokin zamana a ofis, saboda mu biyu ke neman ƙarin girma ɗaya, kuma an ga ya ba ni gyaɗa da safe. Mutumin nan shekara da shekaru muna cin gyaɗa tare. Yanzu idan ya shigo kantin abinci sai mutane su rufe kwanukansu. Ya zo duba ni a gida, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Oga Sabi'u, ban kawo komai ba, kar a ce." Wannan ta fi faɗuwar yi mini ciwo.

Likita ta duba kwalbar ta yi mini bayani. Nayasin mai yawa yana buɗe jijiyoyin jini, shi ne zafin da ƙaiƙayin, kuma abin sha mai zafi yana ƙara shi. Idan ya haɗu da maganin hawan jini, jini kan sauka fiye da kima, mutum ya ga jiri. Yana ɗaga suga. Tare da maganin rage kitse kuma yana iya taɓa tsoka da hanta. Ta dakatar da shi, ta yi mini gwaji, Allah ya taƙaita.

Roƙona uku ne. A daina kawo mai sayar da ƙwaya sai da likita ko masanin magunguna a gefe. A sanar da duk wanda ya saya ya kai kwalbarsa da sauran magungunansa asibiti a duba. Sannan a wanke Mista Danjuma a taron ma'aikata, da bakinka.

Ranka ya daɗe, akwai na huɗu, naka ne. Jiya da na shigo ofishinka na hango irin kwalbar a bayan fayil, ga ka da silifas a ƙafar hagu, kana cewa sabon takalmi ne ya matse ka. Likita ta ce nayasin yana tayar da ciwon nan mai kumbura babban yatsan ƙafa. Ba sabon takalmin ba ne, kar ka mayar wa mai shago.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta yatsan, ya yi maka jagora a shugabancinmu.

Wassalam.

Naka,
Sabi'u, sashen kasafi.